Kunne a Ƙarƙashin Gulbin Rima

Shirin namu na yau zai gangara Kwalkwalawa, bakin Gulbin Rima, kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Duk masuncin da ya taɓa zare ƙurungu daga koma ya san kukansa. Kifin kan buɗe ƙayoyin gefensa ya riƙa goga gindinsu a cikin gaɓa, sai ka ji ƙara tana fita a tafin hannunka. Haka yake yi a ƙasan ruwa ma, mu ne dai ba mu ji. Ruwa kuwa ya fi iska saurin kai sauti, kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, alhali a iska bai wuce 340 ba.

Na'urar da ke jiyo mana wannan ita ce makirufon ƙarƙashin ruwa. A cikinsa akwai ɗan tangaran na musamman lulluɓe da roba, wanda kan mai da matsin ruwa ya zama lantarki. Da irinsa aka naɗi waƙar wel, ƙatuwar dabbar tekun nan, wadda Roger Payne ya fitar a faifai a 1970, har ta taimaka duniya ta tashi tsaye a kan masu farautarta. A shekarun 1990 kuma, a fadamar Kogin Neja da ke Mali, masu bincike sun naɗi wani ɗan kifi mai lantarki yana gurnani cikin dare lokacin cikar ruwa, namiji na kiran mace.

To, wane irin makirufo ɗalibi ko ɗan jarida a Sakkwato zai saya?

Kada ya zuba kuɗinsa a kan wanda aka ƙera don dolfin, mai kama sautin da ke girgiza fiye da sau 100,000 a daƙiƙa. Muryar kifi kauri gare ta, yawancinta ba ta wuce 'yan dubbai ba. Abin nema shi ne wanda ke jin ƙaramin sauti ba tare da shi kansa yana shuuu a kunne ba, kuma wanda rikodarka za ta iya ba shi wutar da yake buƙata. A tambayi wannan tun kafin a biya.

Sai wayar makirufon. A nan ne aiki ya fi lalacewa. In ta goga a jikin kwalekwale, ko igiyar ruwa ta kaɗa ta, to ita kaɗai za ka naɗa. A ɗaura mata ɗan nauyi, a sassauta ta, mai tuƙi ya aje filafili, kowa ya natsu.

Ni dai abin da ya dame ni shi ne lokaci. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, cikar gulbi ba ta zuwa yadda kifi ya saba, kuma da cikar ruwan ne yake hayayyafa. Da rani ga injinan ban ruwa na masu albasa suna ruri a gaɓa, ƙararsu na bin tiyo har cikin ruwa. Noman nan shi ne abincinmu, ba mai cewa a daina. Amma ya kamata a naɗi muryar gulbin yanzu a adana, domin a sami abin gwadawa nan da shekaru ashirin.

Wanda zai fita kuwa, ya fara gaida Sarkin Ruwa ya nemi izini, ya kuma tafi da masunci. Shi ya san gurbin da ƙurungu ke kwana, da sa'ar da ake kashe injuna bayan magariba.