Ƙaramin Sani Ƙuƙumi: Gyaran Mota Da Babur Na 'Yan Dabara

A shekarar 1975, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashin nan na Udoji, mutane da yawa a Nijeriya suka mallaki babur ko mota karo na farko. A wannan shekara ce kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuwa a Ikko. Motocin wancan zamani ba su da wuyar sha'ani. Wanda yake da sifana, filaya da sukundireba yana iya wanke kafireta, ya goge fulogi, ya ɗaure fanbel a ƙofar gidansa ran Lahadi da safe. Daga nan ne al'adar gyaran gida ta kafu, ɗa yana koyo wurin uba, ƙane wurin wa.

Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kayan gyara kuma suka yi tsada. Sai aka koma ga motocin da aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje, waɗanda ake kira tokumbo a Kudu, 'yan Kwatano a Arewa. Kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Ikko, Nkwo a Nnewi, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suka bunƙasa. Janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara wa masu abin hawa dalilin yin tsimi, har kuɗin bakanike ya zama abin da ake lissafi kafin a je gareji.

Dabara ba abin zargi ba ce. Direban da motarsa ta mutu da dare a dajin da ba gari kusa, in ya ɗaure salansa da waya, ko ya naɗe tiyon ruwa da robar tsohon tif, ya yi abin da ya kamata. Illar tana zuwa ne bayan an isa gida lafiya, sa'ad da mai mota ya ga abin ya riƙe, ya ce ai shi ke nan. Ɗaurin da aka yi don tafiyar mil goma sai a bar shi ya shekara.

Lagireto da zafin inji

Kuskuren da ya fi kowanne yaɗuwa shi ne cire tamostat, watau ɗan bawul ɗin nan da yake tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi ɗumi. Ana cewa wai an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. Gaskiyar magana ita ce, an ƙera inji ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, ko a ina motar take. Idan aka cire bawul ɗin, injin zai daɗe bai yi ɗumi ba, baƙin mai ba zai yi aikinsa sosai ba, ƙarafa su riƙa cin juna. A motocin zamani, kwamfutar da ke ciki takan ɗauka har yanzu injin da sanyi, sai ta riƙa ƙara masa fetur. Mai mota ya yi ta kukan shan mai, alhali kuwa da hannunsa ya jawo. Idan tamostat ya maƙale a hanya, ana iya cire shi don a ƙarasa tafiya, amma wajibi ne a sa sabo da zarar an sauka.

Wasu kuma idan lagireto ya huje sai su fasa ɗanyen ƙwai a ciki, ko su zuba garin barkono. Lalle yakan toshe ƙaramar kafa na ɗan lokaci. Sai dai ƙwan bai san ramin da aka aike shi ya toshe ba, yakan bi ya cushe siraran hanyoyin da ruwa yake bi yana hucewa. Bayan 'yan makonni zafi ya dawo, gasket ya ƙone, gyaran da ya kamata ya tsaya wurin mai walda ya kai ga sauke kan inji. Har ila yau, ruwan lagireto yana cikin matsi ne, shi ya sa zafinsa yake iya haura digiri 100 bai tafasa ba. Wanda ya buɗe murfin inji na da zafi, ruwan zai tafasa nan take ya yi tsiri, ya wanke masa fuska da hannu.

Birki ba wurin gwaji ba ne

A tashoshin mota an san dabarar kaɗa ruwan omo a zuba a madadin man birki. Da farko birkin yakan kama, shi ya sa masu yi suke rantsuwa da ita. Amma man birki na ainihi mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai ya haura digiri 205 idan sabo ne, DOT 4 kuwa digiri 230. Ruwa a digiri 100 yake tafasa. Mota mai kaya da ke saukowa gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos, direba na ta taka birki, ƙafafunta suna iya ɗaukar zafin da ya wuce haka. Da ruwan ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, direba ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Masu zuba baƙin mai ko man giya su ma ba su tsira ba, domin irin waɗannan mayuka suna kumbura robobin birki har su lalace.

Akwai kuma masu toshe bututun ƙafar da take yoyo da ƙusa, su bar mota da birkin ƙafa uku. A tafiyar cikin gari ba a cika lura ba. Ranar da aka taka da ƙarfi a kan babbar hanya, motar za ta fizgi sitiyari ta yi gefe guda, ko cikin daji ko cikin motar da ke tahowa.

Masu babur suna da nasu. Da yawa sukan sassauta birkin gaba ko su cire wayarsa baki ɗaya, wai shi ne yake kayar da mutum. Alhali kuwa idan babur zai tsaya nauyinsa gaba yake komawa, saboda haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Maganin faɗuwa shi ne koyon matsa birkin a hankali tare da na baya.

Wuta da fetur

Fis ɗan abu ne mai araha wanda aka yi shi musamman don ya ƙone kafin wayoyin mota su ƙone. Idan ya tsinke, yana shaida cewa akwai inda waya ta goge take taɓa ƙarfe. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya, ko takardar azurfar kwalin taba, ko ya sa mai lamba 30 a gurbin mai lamba 10, ya kori mai gadi ne ya bar ɓarawo a gida. Wayar za ta yi ja a bayan dashbod inda ido ba ya gani, robarta ta narke, wuta ta kama. Wajen cire batir ma akwai ƙa'ida: kan da ke da alamar ragewa ake fara kwancewa, shi ne kuma na ƙarshen ɗaurawa, domin kada sifana ta haɗa kan wuta da jikin mota. Batir yana fitar da iskar da take kamawa da tartsatsi kaɗan, ruwan cikinsa kuma asid ne mai makantarwa.

Goga sabulu a tankin da ya tsage yakan tsayar da ɗigo, saboda fetur ba ya narkar da sabulu. Ruwa kuwa yana narkar da shi, don haka kududdufin farko na damina zai wanke facin. Mafi hatsari shi ne kai tankin wurin walda bayan an juye man kawai. Tankin da ba mai a ciki cike yake da tururin fetur, kuma tururin ne yake fashewa. Zuƙo fetur da baki ta tiyo shi ma ya zama ruwan dare. Idan ɗan kaɗan ya sarƙe mutum ya shiga huhu, yana haddasa ciwo mai tsanani. Wanda ya haɗiye shi kada a sa shi amai, asibiti za a kai shi.

Tsohon ilmi a sabon inji

Wasu kurakuran gado ne. Baburan da irin su Vespa sai an gauraya musu baƙin mai da fetur, don haka tsarin injinsu yake. Bajaj Boxer da ire-irensa da suka cika tituna suna da wurin baƙin mai dabam. Wanda ya zuba musu a tanki bisa koyarwar mahaifinsa, hayaƙi da dattin fulogi kawai zai samu. Shi kansa fulogin, ramin da ake ɗaura shi na alminiyam ne mai taushi. Da yatsu ake fara murɗa shi, sa'an nan a ɗan ƙara da sifana. Mai nuna ƙarfi sai ya cinye zaren ramin, ɗan aikin minti biyar ya koma na kwana guda. Cire matatar iska don wai babur ya ƙara gudu kuwa, a lokacin hunturu, daidai yake da ɗura wa inji yashi.

Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara ga jak shi kaɗai, kada kuma ya tokare ta da bulon siminti, domin bulo yakan ruguje ba tare da gargaɗi ba. Katako mai kauri ko ƙarfen tokara ake sawa, a kuma datse tayoyin da ke ƙasa da dutse.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana iya duba taya da fitila a bakin hanya, amma jami'inta ba zai san abin da aka zuba a tukunyar birki ba. Fasinjan da ya biya kuɗinsa a tasha ma bai sani ba, haka yaron da zai tsallaka titi. Mai motar ne kaɗai ya sani. Saboda haka ya kamata duk wanda ya yi ɗaurin dabara a hanya ya ɗauke shi a matsayin bashi, ya biya shi a gareji kashegari. Abin da ya shafi birki, sitiyari, wayoyin wuta da tankin mai kuwa, a bar wa masu sana'ar, ko da kuwa mota za ta yi mako guda a ajiye kafin kuɗi su samu.