MAI SON BARIN GIYA: MAGANI BA YA ISA SAI DA ABOKAN ZAMA



Kwanan baya wata baiwar Allah ta zo min daga wani ƙauye a yankin Rogo, ta ce: "Malam, a taimaka min da abin da zan zuba wa ɗana a fura ya tsani giya." Na ce, "Baba, ba ni da shi, kuma duk wanda ya ce miki yana da shi, kuɗinki yake so." Zuma da habbatus sauda da zogale suna taimakon jikin da ya rame, ni ma ina bayarwa. Amma ba sa cire ƙishin kwalba daga zuciya.

Kai da wannan jarrabawa ta sama, ko kana ɓoye ta, da kai nake. Sau nawa ka yi rantsuwa ka daina? Kwana goma, ko azumi guda, sai ka koma. Ka lura, yawanci ba a gida ka koma ba, a majalisa ne, wajen waɗanda kuka saba. Shi ya sa a hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara, da ya cika ɗari ya nemi tuba, malamin bai tsaya ga ce masa ya tuba ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki.

Turawa ma sun gano haka. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka ga cewa idan ɗayansu yana faɗa wa ɗaya halin da yake ciki, sai su iya haƙuri da sha. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda yau take zama a ƙasashe da dama, har da Legas da Abuja. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar cikakken sunanka, abin da aka faɗa a ɗaki a nan yake tsayawa. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, kuma alkawarin na yau ne kaɗai: yau ba zan sha ba. Gobe a sake. Abin da ya saɓa wa aƙidarka ka bar shi, amma asalin abin namu ne, wato nasiha da rufin asiri.

To ina za ka dosa? Fara da asibiti, kuma wannan ba wasa ba ne. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya yanke lokaci guda, cikin yini ɗaya hannu zai fara rawa, ga gumi, ga rashin barci. Kwana biyu zuwa uku wani yakan faɗi kamar mai farfaɗiya, ko ya riƙa ganin abin da babu. Sai a ce iska ce, a kawo min shi a yi ruƙiyya. Ku yi addu'a, amma a mota kuna tafiya, don wannan yana kisa. Je ka babban asibitin Karaye ko na Rogo, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha da yawansa. In abin ya yi nauyi, akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano. Hukumar NDLEA tana da masu ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba, ga kuma cibiyar gyaran hali ta gwamnati a Kiru, kusa da mu. A waɗannan wurare ka buɗe baki ka ce: "Ku haɗa ni da waɗanda suka daina, ina son in riƙa zama da su."

Iyaye, don Allah ban da ɗaurin mari. Mun ga abin da aka bankaɗo a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019.

In kuma Kano ta yi maka nisa, mutum uku ma majalisa ce. Nemi limami ko dattijo mai riƙon sirri, ba mai kai magana shagon mai shayi ba. Ku tsayar da rana ɗaya a mako, bayan Isha'i, a zaure, ba a wa'azi, ba a gori. Ku karɓi lambobin juna, duk wanda abin ya taso masa da dare ya kira kafin ya fita, ba bayan ya sha ba. Wanda ya zame ya dawo, a matsa masa ya zauna. Bukhari ya ruwaito an sha kawo wani sahabi saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa.

Sai gargaɗi daga sana'armu. Ƙananan ledoji da kwalaben da ake tallarsu a tasha da sunan maganin basir ko ƙarfin maza, da yawansu giya ce a ciki, ka duba rubutun jikinsu. Na ga wanda ya yi wata huɗu da dainawa, leda ɗaya ta mayar da shi.

A tura wa wanda ake ganin yana buƙata, shi kaɗai a keɓe, kada a sa sunansa a zauren jama'a. Allah Ya ba mu lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Wassalam.