Masu Ɗaure Na'urar Hayaƙi da Leda a Otal, Ku Ji Tsoron Allah

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin mutanenmu masu zuwa Umara, da 'yan kasuwarmu da ke sauka a otal-otal na Deira a Dubai ko na Guanzu a ƙasar Sin. Da an ajiye akwati, tun kafin a nemi alƙibla, sai wani ya taka kujera ya ɗaure 'yar farar na'urar nan da ke manne a silin da baƙar leda, ko ya zura mata safa. In ka yi magana a ce, "Ai Alhaji wannan abar tsegumi gare ta, ko turare ka kunna sai ta tara maka jama'a." A yi dariya, a sauko.

To ai aikinta ke nan. Don ta tara jama'a aka kafa ta. Ita ce kaɗai ke farke lokacin da kowa ya yi barci, kuma a gobarar dogon bene hayaƙi ne ke fara kashe mutane kafin wuta ta iso su. Wanda ya toshe ta ba da ransa kaɗai ya yi wasa ba, har da na tsohuwar da ke ɗakin sama, wadda ba ta san shi ba, ba ta kuma ci tuwonsa ba.

Tuwon kuwa shi ne tushen maganar. An taho da garin masara, da kuka, da daddawa, da man shanu, an ɓoye ƙaramin risho na lantarki a cikin zannuwa. Na ga ɗakin da aka ɗora tukunya a kan kafet tsakanin gadaje biyu, labule na lilo a kanta, soket ɗaya na ɗauke da risho da butar shayi da cajar waya huɗu. Aka ji kiran salla, aka rage wuta, aka ja ƙofa aka tafi Harami. Wai kafin a dawo wake ya nuna! Ga kuma Hajiyoyi da kaskon turaren wuta, a tura garwashi ƙarƙashin kujera don kada mai shara ta gani. Ba wanda ya ce abincin baƙuwar ƙasa na da daɗin sabo, musamman ga dattijai da masu ciwon suga. Amma akwai masaukai masu kicin a ciki, a Makka da Madina da Dubai duk ana samu, kuma a unguwannin da mutanenmu ke sauka ba a rasa masu sayar da tuwo da miya. Wanda ya iya biyan kuɗin jirgi bai rasa na faranti ba.

Waɗanda suka manyanta ba su manta da gobarar Mina ta 1997 ba, wadda ta tashi daga tukunyar gas ta girki, ta ci rayukan alhazai fiye da 300. Bayanta ne Saudiyya ta kafa tantunan da ba sa cin wuta, ta kuma hana girki da gas a cikinsu. Kada kuma a ɗauka tsadar otal kariya ce: a daren 31 ga Disamba 2015 otal ɗin Address Downtown da ke kusa da Burj Khalifa ya kama da wuta duniya na kallo.

Wani gangancin shi ne shanya. Wannan ɗan ƙarfen da ke leƙowa daga silin ko bango, mai siririyar kwalba ja a tsakiya, ba maratayin kaya ba ne. Famfon kashe gobara ne. Zafi ke fasa kwalbar, amma hangar da aka rataya jiƙaƙƙiyar jallabiya ma tana iya fasa ta. In ta fashe, ruwa zai yi ta ambaliya har ɗakunan ƙasa, kuma sunanka na cikin kwamfutar masu otal. Sai ka biya.

Abin da ake so ba shi da wuya. A bayan ƙofar ɗakinka akwai taswirar hawan da kake, da alamar inda matakalar gudu take. Duba ta ranar da ka sauka, ka fita ka taka har bakin matakalar, ka ƙirga ƙofofin da ke tsakani, domin cikin hayaƙi da lalube za ka tafi. In ƙararrawa ta yi kuka, fita, kada ka tsaya ɗaure kayan da ka saro, kada kuma ka shiga lifta. Taɓa ƙofa da bayan hannu kafin ka buɗe. In da zafi, bar ta a rufe, ka toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen tawul, ka kira masu karɓar baƙi. Fasfo da magani da katin otal su kwana a ƙaramar jaka kusa da kai. Lambar 'yan kwana-kwana 998 ce a Saudiyya, 997 a Dubai, 119 a Sin.

Ku kuma ejan-ejan da jagororin tawaga, da ku nake. Kuna tara mutane ku yi musu bitar ɗawafi da sa'ayi, ku faɗa musu kilo nawa jirgi ke ɗauka, amma ba mai buɗe baki a kan wannan. Da yawa daga cikin waɗanda kuke kaiwa ba su taɓa kwana a hawa na ashirin ba. Ku zaga ɗakunansu a daren farko, ku ɗaga kai ku dubi silin, duk inda kuka ga leda ku sa a kwance ta a gabanku.