Nas Mai Ba da Maganin Barci a Ɗakin Tiyata

Nas mai ba da maganin barci ma'aikacin jinya ne da ya sami horo na musamman domin kawar wa majinyaci jin zafi yayin tiyata, ya kuma tsare ransa har a gama. Hanyoyin iri-iri ne. Akwai maganin da ke gusar da hankali ɗungurungum, ta allura ko ta shaƙa. Akwai kuma allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafafu mutum yana farke, ita ce aka fi yi wa matan da za a ciro wa jariri.

Aikinsa yana farawa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Yakan binciki majinyaci kan hawan jini, ciwon sukari, asma da magungunan da yake sha, ya tabbatar bai ci abinci ba, domin amai cikin barcin magani yana iya komawa huhu ya yi kisa.

Sanya barci shi ne mafi sauƙi a aikin. Wahalar tana bayansa, domin magungunan suna raunana numfashi, suna saukar da jini. Saboda haka nas ɗin ba ya barin wajen kan majinyaci. Idonsa yana kan bugun zuciya da ma'aunin iskar oksijin, wani lokaci ya zura bututu a maƙogwaro na'ura ta riƙa yi wa majinyacin numfashi, yana ƙara ruwa ko jini gwargwadon abin da ya zuba. Sakaci na 'yan mintuna ya isa ya lalata ƙwaƙwalwa.

Sana'ar ta kafu ne a Amurka, inda wata nas mai suna Alice Magaw ta bayar da rahoto a 1906 cewa ta sa majinyata fiye da 14,000 barci ba wanda maganin ya kashe. A yau sai da digiri na uku ake shiga aikin a can. A Nijeriya kuwa sai mutum ya zama cikakken nas mai rajista, sannan ya yi ƙarin karatu a ƙarƙashin majalisar kula da aikin jinya da ungozoma, inda zai koyi ilimin magunguna, aikin huhu da zuciya, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya.

Likitocin wannan fanni kaɗan ne a Nijeriya, yawancinsu kuma suna manyan birane. A asibitocin ƙananan hukumomi da yawa, nas ɗin nan ne kaɗai ke riƙe da aikin, in babu shi tiyata ba ta yiwuwa.