Akanta Ba Mai Ƙirga Kuɗi Ba Ne

A unguwarmu ta Nasarawa, nan kudancin Kaduna, da zarar an ji muna karatun akanta a jami'a sai a ce, "To, ku ne masu ƙirga kuɗi a banki." Alhali tun da muka fara, ba a taɓa miƙo mana ko naira ɗaya mu ƙirga a aji ba. Abin da ake koya mana shi ne amsa wata tambaya: sana'ar nan riba take kawowa, ko kuwa jarinta take ci a hankali mai ita bai sani ba?

Ga misali. A ce mai Keke Napep da ke jigila tsakanin Nasarawa da Kakuri ya sayi kekensa naira miliyan 3, kuma zai yi masa aiki shekara 3 kafin ya zama sai 'yan gwangwan. Kullum bayan ya cire kuɗin mai da na tikiti yana komawa gida da naira 8,000, ya ce ribarsa ke nan. Akanta zai ce a'a. Keken na rage daraja da miliyan 1 duk shekara, wato kusan naira 2,700 a rana, don haka ribar gaskiya ba ta wuce 5,300 ba. In ya cinye 8,000 ɗin duka, ranar da keken ya kwanta ba keke, ba kuɗin sayen wani. Wannan raguwar daraja ba ta fita daga aljihu a gani, shi ya sa take yaudarar mutane.

Mu 'yan wannan yanki mun ga irin haka a babban sikeli. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu irin su Arewa da UNTL suka biyo baya, dubban ma'aikatansu kuma suka zauna a Nasarawa da kewaye. Zuwa 2007 yawancinsu sun rufe. Ana yawan ambaton rashin wutar lantarki da atamfar fasa-ƙwauri, kuma gaskiya ne, amma akwai tsofaffin injunan da ba a sauya ba. Tun kafin a garƙame ƙofa, littafin lissafi ne ke fara nuna irin wannan ciwo.

Ginshiƙin karatun shi ne rubuta kowace hada-hada sau biyu: inda kuɗi ya fito da inda ya shiga. Wani ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya wallafa bayanin tsarin a 1494, har yau kuma a kansa manhajojin kwamfuta ke tafiya. Dole ɓangarorin biyu su daidaita. Bambancin naira 50 na iya hana ɗalibi barci, domin ƙaramin giɓi kan ɓoye manyan kurakurai biyu da suka kusa rufe juna.

Ƙannenmu da yawa na gudun fannin saboda tsoron lissafi. Yawancinsa tarawa ne da ɗebewa da kaso cikin ɗari. Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne gaggawa da rashin fahimtar Turancin tambaya. Akwai kuma darussan haraji, dokar kasuwanci da binciken littattafan kuɗi, waɗanda karatu suke so sosai.

In kuna sha'awa, ku nemi kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, Lissafi da Tattalin Arziki, waɗanda kuma za ku sake haɗuwa da su a JAMB. Jami'ar Jihar Kaduna, da aka kafa a 2004, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna ba da digirin, Kaduna Poly kuma tana da difloma.

Sai dai digiri kaɗai ba ya mayar da mutum ƙwararren akanta. Sai ya bi ta ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ANAN mai kwaleji a Kwall kusa da Jos. Abin da ba a cika gaya wa 'yan sakandare ba shi ne, ICAN na da jarabawar ATS mai matakai uku, wadda ake iya farawa da sakamakon sakandare kawai, tun ana jiran gurbin jami'a.