Kakanku ne ko ɗansa? Yadda ake gano shekarar tsohon hoton gida

A gidaje da yawa akwai irin wannan hoto: dattijo zaune kan kujera da babbar riga da rawani, ko soja a tsaye ƙyam da gajeren wando, takardar ta koɗe, gara ta ci gefenta. Idan ka tambaya, sai a ce maka kakanmu ne.

Wane kakan? Nan ake rabuwa. Wannan ɗaki ya ce mahaifin Baba ne, wancan ya ce kakan Baba ne, waɗanda suka san mutumin ido da ido kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Al'adar yin takwara na ƙara dagula lissafin. Gida ɗaya sai a sami Muhammadu uku a jere, don haka sunan da aka rubuta a bayan hoto ba ya raba gardama. Ga shi kuma irin wannan hoto ne ake bugawa a kalandar zuri'a, a sa a littafin tarihin gida, wani lokaci har a kafa hujja da shi wajen neman sarauta. Da zarar an buga kuskure, jikoki za su gaje shi.

Hanya mafi aminci ita ce a fara gano lokacin da aka ɗauki hoton, kafin a nemi sunan mai shi.

Akwai iyakar da ba a tsallakewa. A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello a 1837, don haka duk abin da ke yawo a WhatsApp da sunan hotonsu, ko zane ne ko fuskar wani. Ko a ƙasar Hausa, yawancin hotunan farko Turawa ne suka ɗauka, musamman bayan cin Kano da Sakkwato a 1903. Idan an ce mutumin da ke hotonku ya rasu kafin zuwan Turawa, sai a yi taka-tsantsan.

Daga nan a juya bayan hoton, domin sau da yawa ya fi gabansa bayani. Masu shagon hoto kan buga hatimi mai adireshi, sunayen jihohi kuwa sun sha canzawa. Sai a watan Mayun 1967 aka ƙirƙiri Jihar Kano. Jihar Arewa maso Yamma ta wanzu ne daga 1967 zuwa 1976, lokacin da aka fitar da Sakkwato da Neja daga cikinta. Katsina ta zama jiha a 1987, Jigawa a 1991. Idan an rubuta farashi da fam da sule, kafin zuwan naira ne a Janairun 1973. Idan ta gidan waya aka aiko hoton, a duba kan sarki: Sarki George na shida ya yi mulki daga 1936 zuwa 1952, sannan Sarauniya Elizabeth ta gaje shi. Sai dai mai shago kan ci gaba da amfani da tsohon hatimi, saboda haka a bar ratar 'yan shekaru.

Takardar ma na magana. Mai santsi kamar an shafe ta da roba ta fara fitowa ne a ƙarshen shekarun 1960. Hoton Polaroid mai faffaɗan farin gefe a ƙasa bai wuce 1972 tsufa ba.

A cikin hoton kuma, babbar riga ba shaidar kirki ba ce. Ɗinkin aska takwas ya daɗe bai sauya ba, kuma ɗa kan sa rigar mahaifinsa ya je a ɗauke shi. Ƙananan abubuwa sun fi amfani: kalanda a bango, atamfa mai ɗauke da shekarar samun 'yancin kai ta 1960, ko motar da aka jingina da ita. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 a 1968. Sojan da ya maƙala lambar yaƙin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata, bai yi hoton kafin 1945 ba.

Sauran aikin lissafi ne. A ce alamu sun nuna 1955, mutumin kuma bai fi shekara arba'in ba, to an haife shi wajen 1915. Idan labarin gida ya ce kakan ya riga ya yi aure lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, ko lokacin yunwar Kakalaba ta 1914, da ya haura sittin a 1955. Wanda ke hoton ɗansa ne, ko ƙaninsa. Tsofaffi ba su cika riƙe lambar shekara ba, amma sun riƙe aukuwa, kamar zuwan Sarauniya a 1956, ko zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Da waɗannan za a yi musu tambaya.

Tarko biyu ke kama mutane. Na farko, hoto a kan hoto: a ɗauki tsoho a sake wankewa a sabuwar takarda don raba wa dangi, sai takarda ta nuna shekarun 1980 alhali fuskar ta 1940 ce. Na biyu ya fi muni, wato manhajojin waya masu gyara tsohon hoto da ƙirƙirarriyar basira. Ba dawo da abin da ya goge suke yi ba, cike gurbi suke yi da kintace, har su sauya hanci ko su shafe tsagar fuska, wadda ita ce ke nuna asalin mutum.

A ɗauki gaba da bayan hoton na asali da waya kafin a yi masa komai. A kai wa gwaggo mafi tsufa a dangi, kada a faɗa mata sunan da ake zato, a bari ta faɗi nata. Idan mai hoton ya yi aikin En'e ko sarauta, ana iya neman sunansa a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko a Arewa House, a gwada shekarun aikinsa da na hoton.