Kanikawan Potiskum tsakanin tsohuwar zuma da sabon inji

A Potiskum, inda hanyar Kano zuwa Maiduguri ta haɗu da ta Bauchi da ta Gashuwa, tirela na cikin ginshiƙan arziki tare da shanu da hatsi. Gidaje da dama a Dogo Nini, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar, suna da ɗa ko ƙane da ke ci daga jikin mota: direba, yaron mota, bakanike ko mai walda. A garejin garin, tambaya ɗaya ke damun oga da yaransa: wane kaso na yini za a ba aikin da hannu ya saba da shi, wane kaso kuma za a ba wanda ba a iya ba tukuna?

Tsohon ilimi ne ke sa tukunya a wuta. Bakaniken da ya tashi a kan Mercedes 911 da DAF da MAN yana gane ciwon inji daga ƙararsa da launin hayaƙinsa: baƙi na nuna mai bai ƙone sosai ba, shuɗi kuma inji na shan baƙin mai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai motocin na sauyawa. Howo ta kamfanin Sinotruk na China ta cika hanyoyin Arewa, kuma sababbin injina na da ƙwaƙwalwar lantarki da sai an jona mata kwamfuta take faɗin matsalarta. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ta karkata ga iskar gas ta CNG, sannan a 2025 matatar Dangote ta sanar da shirin rarraba mai da manyan motoci 4,000 masu amfani da iskar. Irin wannan inji da fulogi yake tashi, saɓanin na dizal, kuma tukwanensa na riƙe iska cikin matsi mai tsanani da ba ya yafe ganganci.

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, masanin gudanarwa James March na Jami'ar Stanford ta Amurka ya bayyana tushen wannan ja-in-ja. Ribar abin da aka sani tana kusa kuma tabbatacciya ce. Ribar gwaji tana nesa, sau da yawa ma asara ce ke fara zuwa. Shi ya sa ma'aikata ke zamewa zuwa ga abin da suka iya har zamani ya wuce su. Injiniyan Kodak ne ya haɗa kyamarar dijital a 1975, amma kamfanin ya riƙe cinikin fim har ya durƙushe a 2012. Shi kuwa kamfanin 3M ya daɗe yana bar wa masu bincikensa kashi 15 cikin 100 na lokacinsu don gwaji.

A gareji, abin da ke yanke hukunci shi ne wanda zai ɗauki asarar kuskure. Yaron da ba shi da albashi sai kuɗin abinci ba zai taɓa injekta mai tsada da bai sani ba. Tirelar da aka loda wa shanu zuwa Legas ma ba wurin koyo ba ce, domin kowace sa'a ta jinkiri rama ce ga dabbobi. Wurin gwaji shi ne mataccen injin da ke bayan gareji da ranakun da aiki ya yi sanyi, kuma oga kaɗai ke da ikon ware su, ko ya tura yaro ɗaya koyon aikin waya da kwamfuta.

Sabon ilimin ma ba ya tsayuwa shi kaɗai. Kwamfuta takan nuna inda matsala take, ba lallai ta nuna dalilinta ba. Matashin da ya dogara gare ta kawai zai iya sauya kaya mai lafiya, alhali waya ce ta tsinke.

Garejin da ya haɗa kunnen dattijo da kwamfutar matashi shi zai riƙe masu motoci. Wanda ya hana yaransa gwaji kuwa zai yaye su da sana'ar motocin da ke ƙarewa a kan hanya.